Sunan Ɗan Fari

A tsakiyar shekarun tamanin muna da ƙungiyar balo, wato ƙwallon ƙafa, a Bobigny, mu Hausawan da ke zaune a gefen Paris. Kada ka ji na ce ƙungiya ka zaci wani abin kirki ne. 'Yan lakwal ne, wato ɗalibai, da masu sauke kaya a kasuwar Rungis irina, da direban taksi guda, da wani tela mai tumbi da muka sa a raga don shi ya ɗinka mana wanduna. Muna buga wasannin unguwa, a ci mu, mu ci, ba wanda ya damu. Mach ɗaya ne a shekara yake tayar mana da hankali, wanda muke yi da 'yan'uwanmu Hausawan Lyon, na unguwar Minguettes. Bana su zo, baɗi mu je. Wanda aka ci kuwa shekara zai yi yana shan gori a tarho, a wajen suna, har a zaman makoki.

A shekarar da nake ba da labari su ne suka zo har gida suka ci mu. Ana gab da tashi aka ba mu penalti, ɗan yayata ya ajiye balo, ya ja da baya, ya ɗaga shi sama da raga. Da wannan baƙin cikin muka ƙarasa wasannin shekara, muka shiga hutun zafi, lokacin da ba a buga komai sai baki.

Kowace Lahadi bayan la'asar muna taruwa a wani ɗaki da ke ƙarƙashin benenmu, mai warin ruwan wanke daɓe, an shimfiɗa darduma, an ɗora butar shayi. Mu ba mu da mai horarwa. Dattawa ne ke zaɓen 'yan wasa, dattawan da wallahi rabinsu ba su taɓa sa ƙafa a balo ba. Kuma da dokarmu, wadda ban taɓa jin irinta a wata ƙungiya ba: duk yaron da zai sa riga, sai wani magidanci ya ce a gaban jama'a, “Na tsaya masa.” Asalin abin don in yaro ya yi faɗa ko ya ɓace da riga a san wanda za a kama ne. Sannu a hankali ya zama shi ne komai. In ba a tsaya maka ba, ko da ƙafar zinariya ka zo, ka koma gida. Wanda bai yi aure ba kuwa ba ya tsaya wa kowa. Ni ina dab da talatin, tuzuru. Ni ke wanke riguna, ni ke ɗaukar ruwa, ni ke ihu a bakin fili har muryata ta dushe, amma a ɗakin nan maganata da ƙarar buta duk ɗaya.

Ɗan yayata shi ke sa lamba tara. A Bobigny aka haife shi, yana neman shekara ashirin, siriri, ƙafar hagu gare shi mai ban tsoro. Hausarsa rabi da rabi ce, ya fara da ita ya ƙare da Faransanci. In yana wasa da ni Tonton yake ce mini, wato kawu da Faransanci, in ransa ya ɓaci ya ce Kawu. Wanda yake tsaya masa tun farko wani tsoho ne ɗan Tahoua, wanda ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, to a wannan shekarar tsohon ya gama aiki ya tattara ya koma gida. Lamba tara ta zama ba mai ita.

Za ka ce ina ubansa? Ubansa yana nan, a ɗakin ma yake zama, daga can kusurwa da tasbaharsa. Malam muke ce masa, mutumin Damagaram, mai sayar da kayan fata, mutum mai sanyi wanda ba a taɓa jin muryarsa daga ɗaki na biyu ba. Matsalar ita ce yaron ɗan farinsa ne. Malam bai taɓa faɗin sunansa ba. “Kai,” yake cewa, ko “yaron nan,” ko ya ce da yayata, “Ki gaya wa wancan.” In ana yabon yaron sai ya tashi ya ce zai yi alwala. A gida ba wanda zai ga aibin wannan, kunyar ɗan fari ce, kowa ya santa, ana ma girmama mai ita. Amma a gida akwai kakanni da gwaggwanni da ke ɗauke yaro su shagwaɓa shi, su yi masa kirari, har ya manta ubansa bai kira shi ba. A saman bene a Bobigny ba kaka ba gwaggo. Yaron ya tashi yana ganin uban abokinsa Balarabe da uban abokinsa ɗan Portugal suna tsalle a bakin fili suna kiran 'ya'yansu, nasa uban kuwa in ya zo kallo sai ya tsaya nesa, ya ba fili gefe, yana hira da wani a kan farashin fata.

Wanda ya fi kowa sanin wannan shi ne Alhaji mai shadda, mutumin Maradi, mai kanti a cikin Paris. Shi ya saya mana riguna, saboda haka yake ganin har ƙafafun da ke cikin takalma nasa ne. A wannan hutun ƙanin matarsa ya iso daga gida, wani ƙato mai wuya kamar turmi, Alhaji ya ce wai shi ke ci wa garinsu ƙwallo. Ba wanda ya taɓa ganinsa da balo, amma Alhaji ya riga ya auna masa lamba tara.

Lahadin farko an fara da tela. Wani Bakano mai sayar da agogo ya ce a cire shi daga raga, gola ba ya yin tumbi.

“Tumbin nan ya tare balon da hannunka ba zai tare ba,” in ji tela. “Kuma in kun cire ni ku cire wandunana, ku buga da zane.”

Aka koma kan 'yan baya biyu da za su tafi aikin soja. Bakanon ya ce akwai wani ɗan Senegal a hawa na uku, dogo, a ɗauko shi. Kai! Sai ka ce ya zagi iyayen kowa. Aka taso masa, ƙungiyar Hausawa ce, in ya ga dama ya je ya kafa tasa ya ɗauki har Sinawa. Ya ce to ai shi ya sa kullum ake cin ku. Wani ya jefe shi da hula. Ana cikin haka Alhaji mai shadda ya gyara zama, ya kurɓi shayi, ya jira aka yi shiru.

“Duk wannan ƙananan maganganu ne,” ya ce. “Ciwonmu lamba tara ne. Yaron da aka ba raga buɗe, daga nan zuwa ƙofar can, ya ɗauki balo ya aika wa tattabarun saman bene? Ni da babbar riga zan ci wannan.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. “Haba Alhaji! Kai da rabonka da gudu tun ranar da ruwa ya tarar da shaddarka a waje? Rabin ƙwallayen da muka ci bara ƙafar yaron nan ce. Kana ina lokacin?”

“A yi wa tuzurun nan magana,” ya ce, ko kallona bai yi ba. “In ka yi aure ka zo mu ji ta bakinka.”

Aka yi dariya. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

Lahadi ta biyu Alhaji ya fito da ainihin abin da ke cinsa. Yaron ba ya durƙusawa in zai gaishe shi, hannu yake miƙo masa a tsaye. Ya tara gashi. Ya taɓa amsa masa da Faransanci a gaban baƙi. Na ce gashi ke buga balo? Ya ce tarbiyya ke buga balo. Na ce to a ɗauko limaminmu a sa shi a gaba mana. Aka ce in fita, na fita, na zagaya na dawo ta ɗaya ƙofar. Bakanon ya goyi bayana don ya huce haushin ɗan Senegal ɗinsa, direban taksi ya goyi bayan Alhaji don Alhaji ke ba shi jigilar kaya, ɗakin ya rabe biyu, har mutanen da ke sallah a sahu ɗaya suka daina gaisawa a matakala. Duk wannan Malam na kusurwa yana jan tasbaha, kamar ana maganar ɗan wani.

Na bi dattawa gida gida ina neman wanda zai tsaya wa yaron. Duk bakinsu ɗaya. “Ubansa na zaune a ɗakin, in tsallake shi in tsaya wa ɗansa? Ai kamar na ce bai isa ba ne. Tsohon Tahoua daban, shi uba ne ga Malam ɗin ma.” Ka ji fa. Uba ba zai tsaya ba don kunya, saura ba za su tsaya ba don kunyar uban.

Na je wajen Malam da kansa. Mijin yayata ne, akwai wasa tsakaninmu, ina iya gaya masa abin da wani ba zai iya ba. Na same shi yana jera jakunkuna a kwali.

“Malam, kalma biyu ce. Na tsaya. Ba sai ka faɗi sunansa ba ma.”

“Ka ci abinci kuwa?”

“Za su cire shi, ka sani ko? Kuma yaron nan ba shi da wani abu a garin nan da ya wuce rigar nan.”

“Akwai shinkafa a tukunya,” ya ce, ya ci gaba da jera jakunkunansa.

Yayata ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, “Kai ma ka san ba zai iya ba. Me kake son ya zama a idon mutane?” Na ce ina son ya zama uban ɗansa. Ta ce in rufe mata baki, yaushe aka haife ni.

Lahadin ƙarshe ta watan takwas ita ce ranar yanke magana. A ranar 'yan wasa ma suna shigowa, su jeru a jikin bango. Ana kiran lamba, magidanci ya ce na tsaya, a wuce. Tela ya tsira, don ba wanda ya yarda ya shiga raga. Da aka zo tara ba wanda ya ce na tsaya. Ɗan yayata na tsaye kusa da ƙofa, hannu a aljihu, ya aske gashin nan tas, abin da ya ƙara karya mini zuciya.

Alhaji mai shadda ya yi gyaran murya. Da ya ce na tsaya wa ƙanin matata ya yi shiru, da na ce mugu ne kawai. Abin da ya yi ya fi haka muni.

“Jama'a, ni ba na son a ce na yi zalunci,” ya ce, da murya mai laushi kamar mai wa'azi. “Ga uban yaro nan zaune. Malam, in ka ce a bar shi, wallahi an bar shi, ni da kaina zan sa masa rigar. Kai muke saurare.”

Tir! Ya san abin da yake yi sarai. Duk wani mai furfura a ɗakin ya sunkuyar da kai, don sun san an ɗaure Malam ta inda ba zai kwance ba. Malam ya dubi tasbaharsa. Na ga yatsunsa sun tsaya.

“Ni ban san harkar yara ba,” ya ce. “Abin da jama'a suka gani shi ne daidai.”

Sai yaron ya yi magana daga bakin ƙofa, da Hausa, a hankali, yana lalubo kalmomin don kada ya yi kuskure.

“Baba, ba sai ka tsaya mini ba. Bar rigar. Ka faɗi sunana kawai, su ji ka san ni.”

Wani dattijo ya ce subhanallahi. Wani ya ce ka ji 'ya'yan zamani. Malam ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce lokacin magariba ya kusa, ya bi ta gaban ɗansa ya fita. Rana kuwa tana nan tsaye a kan benaye, kowa na gani ta taga.

“To kun gani,” in ji Alhaji. “Ko ubansa bai tsaya masa ba. Ni na tsaya wa nawa.”

Abin da na gaya wa Alhaji a ranar ba zan rubuta shi ba. Mutum uku suka fitar da ni. Na tarar da yaron a wajen ajiye motoci, zaune a kan wani ƙarfe. Na fara yi masa bayani, kunya ce, al'ada ce, a gida haka ake yi, alamar so ce ma in ka duba. Ya bar ni na gama.

“Kawu, na san wannan tun ina ƙarami, Mama ta gaya mini,” ya ce. “Amma a can kuka bar masu kiran sunan, kuka kawo mini shirun kawai. Ni a nan aka haife ni.”

Kafin a koma wasa ya tafi Lyon. Wani abokinsa ya samar masa wuri a garejin gyaran mota a Vénissieux, kusa da Minguettes. Mutanen Lyon kuwa kamar jira suke. Ranar da ya sauka wani dattijonsu ya tsaya masa, washegari suka bugo tarho kantin Alhaji suna godiya, wai Allah ya ƙara mana irin wannan basira.

Sabon lamba taranmu, assha. Gudu ɗaya yake yi ya riƙe ƙugu. Balo in ya zo masa sai ya dube shi kamar baƙon da bai san gidansu ba. Abu ɗaya ya iya, harbin ƙafar mutane, shi ya sa bayan 'yan wasanni aka mai da shi baya ba tare da kowa ya ce an yi kuskure ba. Alhaji ya ce dama can a baya yake bugawa a Maradi. A gida kuwa yayata ta ci gaba da dafa abinci kamar yaron na nan, kullum ana zubar da saura. Malam kuwa, rana ɗaya da muka haɗu a matakala ya tsaya ya ce, “Garin can, an ce ya fi nan sanyi?” Na ce ban sani ba, ya buga tarho ya tambaya, ai yana da baki. Na wuce na bar shi riƙe da ƙarfen matakala.

A wannan zagayen mu ne da zuwa. Muka ɗauki hayar kar, wato doguwar motar safa, muka cika ta da 'yan wasa da dattawa da tukwanen dambu. Malam bai taɓa bin mu Lyon ba. Ana shirin rufe ƙofa sai ga shi da 'yar jakarsa, ya ce yana da wani mai sayen fata a can. Ranar Lahadi ce. Ba wanda ya tambaye shi wane mai saye ne ke buɗe kanti ranar Lahadi, aka matsa aka ba shi wuri.

Filin yana tsakanin dogayen benayen Minguettes, iska na kaɗawa ta ko'ina, mata sun leƙo ta tagogi. Tun kafin mu sauka mutanen Lyon suka fara. Ina telanku, ya haihu ko har yanzu? Kun zo da wani yaron da za ku ba mu kyauta? Muka mayar musu da abin da ya sawwaƙa. Ɗan yayata ya fito da koriyar rigarsu, lamba tara a baya. Ya zo ya gaida dattawanmu gaisuwa ɗaya ta kowa da kowa, ya dafa kafaɗata, ya koma. Malam yana duban igiyar takalmin wani.

Aka fara, kuma wanda aka sa ya tsare ɗan yayata shi ne ƙanin matar Alhaji. Yaron ya wuce shi ta dama, aka yi ihu. Ya dawo ya zura masa balo ta tsakanin ƙafafu, filin ya ɗauka da dariya, har namu wasu sun dara. Ni ina tsaye a cikin dattawanmu, ban san wa nake goyon baya ba, ina zagin kowa. Alhaji yana ta daka wa ƙanin matarsa tsawa, kai wane irin mutum ne, yaro na wasa da kai, ka nuna masa mana!

Ya kuwa nuna masa. Aka ɗago balo sama, yaron ya yi tsalle, ƙaton ya zo da gudu ya sa masa kafaɗa da gwiwar hannu yana sama. Yaron ya juya ya faɗo da kai. Na ji ƙarar daga inda nake. Bai motsa ba.

Nan take samarin ɓangare biyu suka rufar wa ƙaton, faɗa ya kaure a tsakiyar fili, alƙalin wasa na hura usur ba mai jin sa. A daidai lokacin ne, a gefen kunnena, na ji wata murya da ban sani ba ta ƙwala sunan ɗan yayata. Sunansa na yanka, cikakke. Na juya, Malam ne. Ya sake kira, ya sake, muryar tana tsagewa, ya ture ni ya faɗa fili da gudu, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya cire. Ya zube a gaban yaron ya ɗago kansa yana kiran sunan, yana cewa tashi, ga ni, ga Babanka. Duk dattijon da ke bakin filin nan, namu da na Lyon, ya ji da kunnensa. Alhaji mai shadda yana bayana, na ga bakinsa a buɗe.

Sai dattawan suka yi abin da suka iya. Suka ruga suka kewaye Malam da manyan rigunansu, suka ɗaga shi, wani ya kawo hula ya sa masa, wani ya kawo takalmin. Kafin motar asibiti ta iso, kafin yaron ya buɗe ido, Malam na tsaye a cikin sahunsu da tasbaha a hannu. Ba a ƙarasa mach ɗin ba.

Ƙashin kafaɗa ne ya karye, kan kuma ya bugu, amma likita ya ce zai tashi. Da yamma aka bar mu muka shiga. Malam ya tsaya daga wajen ƙafafun gado, ya dubi taga, ya ce da ni, “Ka ce masa Allah ya ƙara sauƙi.” Ya fita.

Na zauna a bakin gadon cike da murna. Na ce, “Ya kira ka. Wallahi ya kira sunanka, a gaban kowa, da ihu.”

Yaron ya dube ni da idon da bai kumbura ba. “Tonton, kowa ma sunana yake kira a filin nan.”

“Shi nake gaya maka. Babanka.”

“Kawo mini mutum ɗaya da ya ji. Ba kai ba.”

Na ce yanzu kuwa. Abokansa suna cikin faɗa lokacin, ba abin da suka sani sai wanda ya naushi wani. Na fita baranda inda dattawa ke zaune a jere a kan benci, Malam ya tafi neman wurin sallah. Na fara da tela. Ya ce shi yana raga, nesa ce. Na je ga Bakano, wanda muka yi wata guda muna ɓangare ɗaya, ya ce shi dai ya ji salati. Dattijon Lyon da ya tsaya wa yaron ya ce hayaniya ta yi yawa, ɗana, wa zai ce ga abin da aka faɗa. Wanda ya ɗauko hular ma, da hannunsa, ya ce iska ce ta kaɗe ta.

Na zo gaban Alhaji mai shadda. Ban taɓa roƙonsa komai ba a duniya, ranar na durƙusa.

“Alhaji, kana bayana. Ka ji. Shiga ka gaya masa, ni na yafe maka duk abin da ya wuce.”

Ya kama hannuna ya rage murya, kuma abin haushin shi ne da gaske yake, ba mugunta a fuskarsa ko kaɗan. “Kai yaro ne har yanzu. Malam mutum ne mai kunya, shekara da shekaru ba a taɓa jin wani abu a kansa ba. Yau tashin hankali ya sa ya yi abin da ya yi, mun rufa masa asiri, kai kuma kana son mu shiga mu yi tallarsa a gaban ɗan cikinsa? Ba wanda ya ji komai. Tashi.”

Saura suka gyaɗa kai. Mutanen da suka yi wata biyu ba sa ga maciji, namu da na Lyon da ba su taɓa yarda da juna a kan ko jifan gefe ba, yau sun haɗu a kan magana ɗaya. Allah ya isa tsakanina da zaman bencin nan.

Da Malam ya dawo na kama hannun rigarsa na ja shi har bakin gadon. Na ce, “Malam, gaya masa abin da ka yi a fili. Ko ka sake yi yanzu, mu uku ne, ba mai ji.” Ya tsaya. Yaron ya ɗago kai daga matashi duk da ciwon, yana jira. Na ga leɓen Malam ya motsa, na rantse na gani. Sai ya duba agogonsa ya ce da ni, “Direba na jira, kada mu tsai da mutane.” Yaron ya mai da kansa ya juya fuska bango.

Bai dawo Bobigny da zama ba. A Lyon ya yi aure, a can ya buɗe garejinsa. Yana zuwa da Sallah, ya durƙusa ya gaida ubansa yadda ake so, ya ci abinci, ya kama jirgin yamma. Da ya haifi ɗansa na fari kuwa, sunan yaron ba ya barin bakinsa, a titi, a kanti, a bakin fili, har kunya nake ji in muna tare. Ƙungiyarmu ta watse bayan 'yan shekaru, ni ma ban ƙara wanke rigar kowa ba tun daga ranar.

Bayan rasuwar Malam, da aka watse daga zaman makoki, na raka ɗan yayata tasha na sake ɗauko maganar. Na ba shi labarin hular, da takalmin, da yadda muryar ta tsage. Ya saurare ni har ƙarshe, ya dafa kafaɗata kamar ranar mach.

“Kawu, Allah ya saka maka,” ya ce. “Na san kana son shi, kana so na. Amma ka daina.”

Tela ya rasu, Bakano ya rasu, Alhaji mai shadda ya koma Maradi ya rasu a can. A cikin waɗanda suka ji ni kaɗai na rage, kuma ni ne wanda ɗan yayata bai yarda da shi ba.